Fulogin Garwashi ko na Tartsatsi: Yadda Ake Zaɓa wa Ƙaramin Jirgi Inji a Kano

Injina na farko ya yi wata bakwai cikin kwali a ƙarƙashin gado ban ji ƙararsa ba, kuma lafiyarsa lau. Wani abokina ne ya taho mini da shi daga waje, ɗan ƙarami mai cc 7.5, sai ƙyalli yake. Sai da ya iso hannuna na gane ba ya shan fetur. Na zaga Sabon Gari neman mansa, tun daga France Road har cikin kasuwa, na zama mai neman jini ga babe. Wani ya miƙo mini kananzir, wani ya ce in gwada tina ta masu fenti.

Duk mai haɗa ƙaramin jirgi mai rimot, ranar da ya ce ya gaji da na batir sai mai inji, zai tarar hanya ta rabu biyu. Akwai injin da ke kunna mansa da 'yar waya mai ja kamar garwashi, akwai mai kunna shi da tartsatsin lantarki irin na babur. Zan riƙa kiran na farko fulogin garwashi, na biyu fulogin tartsatsi. A garin nan duk wanda ya zaɓi fulogi, man da zai yi ta nema muddin jirgin na raye ya zaɓa, saboda haka daga wajen mai lissafinmu zai tashi. Amma sai mun fara leƙa cikin injin.

Yadda kowanne ke kama wuta

Kwance fulogin garwashi ka dubi gindinsa. Za ka ga ɗan rami, a ciki akwai siririyar waya nannaɗe kamar ta tsohon ƙwan lantarki, an yi ta da filatinam da aka gauraya da wani ƙarfe. Lokacin tayarwa za ka jona mata wutar volt 1.2 zuwa 1.5, ta yi ja, ka murza farfela, inji ya tashi, ka zare batirin. Wayar kuma ba za ta mutu ba. Tururin metanol idan ya taɓa filatinam mai zafi ƙara masa zafi yake, ga kuma ƙunar da ke cikin silinda, sai ta yi ta ja da kanta har mai ya ƙare. Ba batirin inji a cikin jirgin, ba kwayil, ba waya. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da dabarar a wajen 1947. Kafin nan yawancin ƙananan injinan da tartsatsi suke aiki, suna ɗauke da kwayil da batir masu nauyi. Ashe na tartsatsin da ake wa kallon sabon yayi shi ne yayan. Kada kuma ka haɗa wannan fulogi da hitar motar dizal, wadda ke ɗumama inji kafin tashi sannan ta huta.

Na tartsatsi kuwa, in ka taɓa zama a bencin mai gyaran babur ka ji ana cewa "CDI ne ya mutu." To shi ne dai, an ƙanƙanta shi. Akwai ɗan maganaɗisu a jikin cibiyar da farfela ke zama, da wata 'yar na'ura da ke jin wucewarsa. Duk zagaye ɗaya sai ta sanar da akwatin CDI, shi kuma ya saki wutar da ya tara, kwayil ya ninka ta zuwa dubban volt, ta yi tsalle a bakin fulogi. Akwatin yana lura da gudun inji. A silo yana jinkirta tartsatsin, da an ba da wuta sai ya gaggauta shi har kusan digiri 28 zuwa 30 kafin fistin ya ƙure sama.

Injin garwashi ba shi da mai ba shi wannan umarni. Lokacin kama wutarsa ya rataya ga zafin wayar, da yawan man da ke shiga, da matsin silinda, da yanayin ranar. Shi ya sa injin da ya yi maka ladabi da hantsi zai iya yi maka gardama da azahar.

Mataki na ɗaya: tabbatar da man kafin ka biya kuɗin inji

Man injin garwashi abu uku ne. Metanol shi ne mafi yawa, sai man shafawa kashi 17 zuwa 20 cikin ɗari, sai naitiro, wani sinadari mai ƙara wa inji ƙarfi, kashi 5 zuwa 15 ga jirage masu fukafukai. Haɗaɗɗen da ake sayarwa a galan a Turai da Amurka ba ya iso mana cikin sauƙi, domin abu ne mai kama wuta, masu aiko da kaya ta sama ba sa karɓarsa kamar sauran kaya. Injin zai zo maka daga Sin, mansa ba zai biyo shi ba.

Abin da ya rage shi ne ka haɗa da kanka, metanol kashi 80, man zurma kashi 20, ba naitiro. Tsohon haɗi ne sananne, shi ma hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta tsayar wa wasu gasanninta. Inji zai tashi da shi, sai dai silonsa ba zai kwanta kamar mai naitiro ba, ƙarfinsa ma zai ɗan ragu. Metanol a wajen masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji ake nemansa, kuma ka nace sai tsantsa. Sifirit ɗin kemis na wanke ciwo ba shi ba ne, akasarinsa etanol ne da ruwa. Baƙin man mota ko na babur kuma ba ya narkewa cikin metanol ko kaɗan. In kana tantamar wani mai, zuba haɗin a farar kwalba ka girgiza, ka ajiye ya kwana. In da safe ka ga ya rabu hawa biyu, ka sani injinka zai yi gudu ba shafawa, kuma minti kaɗan ya ishe shi ya ci kansa.

Metanol guba ne, kurɓa kaɗan na makantarwa ko ta kashe. Kada ka kuskura ka zuba shi a gorar ruwa ko ta lemo a gidan da ke da yara. Wutarsa ma da rana kusan ba a ganinta, sai dai ka ji zafi.

Na tartsatsi fetur yake sha da man 2T, yadda ƙaramin janareta Tiger ke sha. Bambancin shi ne a nan ba a yin awon ido irin na murfin galan. Injinan kamfanin DLE da makamantansu kan fara da 30 bisa 1, wato mililita 33 na 2T a kowace litar fetur. Sayi sirinji a kemis ka riƙa awo da shi. Masu bugu huɗu na kamfanin Saito suna son 20 bisa 1, don haka takardar injinka ita ce alƙali. Ka sayi fetur a gidan mai mai ciniki, ka bar na 'yan bumburutu da ya yini a rana cikin jarka. Ba mu manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima, motoci suka yi ta mutuwa a titi. Abin da ya kayar da mota, 'yar fatar robar da ke cikin kafireton jirginka ba ta iya masa.

Sai batun ci. Fetur na buƙatar iska kusan ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, metanol kuwa wajen 6.4 kawai. Ma'ana a iska ɗaya sai inji ya haɗiyi metanol fiye da ninki biyu na fetur. Inji mai cc 7.5 in aka sake masa wuta yana shan kusan mililita 30 a minti, tankin mililita 300 ya ba ka minti goma. Tashi biyar a yini, lita ɗaya da rabi ta tafi. Ka je ka tambayo kuɗin litar metanol, ka ninka da ranakun Asabar ɗin shekara, sannan ka dawo mu ci gaba.

Mataki na biyu: ɗora jirgin a sikeli

Akwatin CDI da batirinsa da makunni za su ƙara maka wajen gram 200, injin fetur ɗin kansa ma ya fi ɗan'uwansa nauyi, kuma a girma ɗaya na metanol ya ɗan fi shi ƙarfi. Jirgin koyo mai faɗin fukafukai mita ɗaya da rabi, mai nauyin kilo biyu da rabi, gram 200 kaya ne a wuyansa. Zai sauka da gudu, kuma mai koyo ba abin da ya fi buƙata irin jirgi mai sauka a hankali. Jirgi mai kilo biyar kuwa ko a jikinsa.

Injinan garwashi da inci ake kiran girmansu. In ka ga .40 cc 6.5 ke nan, .46 cc 7.5, .60 cc 10, 1.20 kuma cc 20. Ga hukuncina. Daga cc 10 zuwa ƙasa filin na garwashi ne, in har ka riga ka riƙe metanol a hannu kuma ka san inda za ka ƙaro. In ba haka ba, ka haƙura ka sa wa jirgin motar lantarki, ba abin kunya ba ne. Daga cc 20 zuwa sama ban ga dalilin da zai sa mazaunin Kano ya sayi na garwashi ba, domin inji 1.20 shan mai yake kamar rairayi. DLE-20 ko irinsa shi ne daidai. Tsakanin 10 da 20 ne ake ja-in-ja, kuma ni nakan karkata ga fetur saboda dalili ɗaya, ranar da nake son tashi ba na son in tsaya ina kiran mai sinadarai a waya.

Kamfanin O.S. na Japan ya yi wasu injina, GGT10 da GGT15, masu shan fetur amma da fulogin garwashi na musamman mai lamba G5, ba CDI. Dabara ce mai kyau, sai dai ranar da fulogin ya ƙone babu mai shi a kusa. Akwai kuma tsofaffin Zenoah masu maganeto irin na janareta, ba sa son batir sam, amma suna da nauyi.

Mataki na uku: in garwashi ka zaɓa

Sayi fulogi da yawa tun farko, aƙalla biyar, domin kayan ƙarewa ne. Suna da zafi hawa-hawa. A jerin O.S., lamba 8 shi ne matsakaici, A3 mai zafi, A5 mai sanyi, F kuma na masu bugu huɗu. Mai zafi yana kunna wuta da wuri, mai sanyi a makare. Man da ba shi da naitiro fulogi mai zafi yake so, to tunda haɗin gida za ka yi, fara da A3 ko lamba 8.

Batirin tayarwa ƙwaya ɗaya ce mai caji ta volt 1.2. In wuta ta yi kwana biyu ba a kawo ba, manyan batiran tocila biyu da aka haɗa kai da kai, gindi da gindi, za su fitar da kai. Kada ka jona masa batirin babur, ƙiftawar ido wayar ta narke. Kafin ka ɗaura fulogi gwada shi a hannu cikin inuwa. Ya yi ja mai haske kamar lemun zaƙi. In ja mai duhu ya yi, batir ya yi sanyi.

Tiyon mai na silikon ne. Ɗaya daga tanki zuwa kafireto, ɗaya daga salansa zuwa tanki don hayaƙi ya riƙa turo man. Tsakiyar tankin ta yi kusan daidai da tsayin allurar mai, wato 'yar kusar kafireto da ake murzawa don ƙara mai ko rage shi.

Tayarwa kuwa, buɗe allurar zagaye biyu ko yadda takarda ta ce. Ba tare da batir ba, buɗe totur, toshe bakin kafireto da yatsa, juya farfela har ka ga mai ya hau tiyo ya shiga. Mayar da totur kusa da silo, jona batir, ka buga farfela da guntun sanda da aka sa wa tiyon roba. Ban da yatsa. Farfela 11x6 tana zaga sama da sau dubu goma a minti, kuma injin garwashi na da halin mayar da bugu baya in mai ya yi masa yawa.

Da ya tashi ya ɗumama, ba shi wuta duka, ka riƙa rufe allurar ƙas ɗaya-ɗaya. Za ka ji muryarsa na sauyawa daga gurnani mai kakari zuwa kuka siriri. In ya kai ƙololuwa, koma baya ƙas uku ko huɗu har kukan ya ɗan sauko. A nan ake barinsa. Mafi yawan injinan da suka mutu a sama, mai su ne ya bar su a ƙololuwa don daɗin ƙarar, alhali a sama man ƙara raguwa yake. Sai gwaji biyu. Matse tiyon mai da yatsa ka saki nan take, inji ya ɗan ƙara gudu ya dawo. In ya nemi mutuwa, ƙishirwa yake ji, ƙara masa. Sannan wani ya riƙe jirgin ya ɗaga hancinsa sama da wuta duka na daƙiƙa goma. In murya ta dushe, ƙara buɗe allura.

In ka zare batir ka ji gudu ya faɗi sosai, ko fulogin ya yi sanyi da yawa, ko ya tsufa, ko mai ya yi yawa. Ciro shi ka duba. Lafiyayyar waya tana ƙyalli kuma nannaɗinta a tsaye yake. In ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ko ta karkace gefe, ta gama aiki ko da tana ja.

Bayan tashin ƙarshe zuƙe man tanki, tayar da inji ya ƙone ragowar da ke cikinsa, ka ɗiga masa ɗan man hana tsatsa ta kafireto ka juya farfela. Metanol na jawo ruwa daga iska, in ka bar shi ya kwana a ciki, musamman a Agusta, boris zai yi tsatsa ka ji yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

Mataki na huɗu: in tartsatsi ka zaɓa

A nan wahalar a ranar ɗauri take. In ka ɗaura daidai, sai ka yi watanni ba ka taɓa allura ba.

Fara da tanki. Duk wani silikon ka cire shi, har da toshiyar bakin tankin. Na taɓa yin ganganci na bar guntu ɗaya a ciki, bayan kwana biyu na tarar ya kumbura ya yi laushi kamar taliyar da ta kwana a ruwa. Tiyon fetur shi ne ruwan ɗorawan nan da ake kira Tygon, irin na injin yankan itace. Shi kuma taurarewa yake da daɗewa, sai ka riƙa sauya na cikin tanki duk shekara. Ba a haɗa tiyo daga salansa, domin kafireton na da famfonsa, iska kawai tankin ke buƙata ta wani tiyon da ke leƙe ƙasa.

Injin fetur na da jijjiga. Katakon da zai zauna a kai ya zama mai kauri, kusurwoyinsa a ƙarfafe, kowane noti ka sa masa gam ɗin zare shuɗi. Naɗe akwatin CDI da soso ka ɗaure shi nesa da salansa. Batirinsa daban da na risiba, wato na'urar cikin jirgi da ke karɓar umarnin rimot, kuma ka karanta abin da aka rubuta a jikin akwatin. Tsofaffin akwatunan kamfanin RCEXL volt 4.8 zuwa 6 suke ɗauka, sababbin sun fi haka, in ka ba tsoho wutar sabo ya tafi ke nan. Yana jan wajen rabin amfiya, don haka ka auna batirin bayan kowane tashi biyu ko uku har ka san halinsa.

Tartsatsi hayaniya ce a kunnen rediyo. Rimot na zamani mai 2.4GHz ya fi na da juriya nesa ba kusa ba, amma duk da haka ka raba kayan CDI da risiba da aƙalla taƙi ɗaya, sandar da ke jan totur kuma kada ta zama ƙarfe tun daga kafireto har sarbo, wato 'yar motar da ke jan sandar. Hular fulogi ka danna ta har ka ji ta zauna. Ranar da na ga fukafukan jirgina na rawa su kaɗai da zarar inji ya tashi, na zargi rimot, na zargi batir, na kwance rabin jirgin. Ashe hular ce ba ta shige ba, tartsatsin na tsalle a cikinta. Kada kuma ka juya farfela da wuta a kunne alhali babu fulogi a hular, akwatin zai iya ƙonewa.

Fulogin yawancinsu NGK CM-6 ne, tazarar bakinsa wajen rabin milimita. Na jabu sun yi yawa, wanda ke zuwa da inji mai araha ma sau da yawa gara a sauya shi.

Dole ka sa makashin wuta da ake sarrafawa daga rimot, ka kuma saita risiba yadda in sadarwa ta yanke totur zai faɗi, wuta ta mutu. Injin garwashi in ka rufe totur ruf mutuwa yake, kuma tankinsa minti goma ne. Na fetur in sandar totur ta zare a sama, zai yi ta yawo da kai rabin awa.

Tayarwa: wani ya riƙe jela ko ka ɗaure ta a turke. Rufe cok, kunna wuta, totur kaɗan sama da silo. Buga farfela da sanda ko safar hannu mai kauri har ka ji ya yi tari sau ɗaya. Buɗe cok, ka ci gaba da bugu, cikin uku zuwa biyar zai kama. Allurai biyu ne, L ta ƙasa da H ta sama, kuma ba a murza su da yawa, kaurin bakin sukundireba ma canji ne. Kashe inji kafin ka taɓa su, don yatsunka na dab da farfela. Saita H kamar yadda na faɗa a na garwashi, ƙololuwa sannan ka ɗan koma baya. L kuma ka nemi inda in ka fizgi totur inji zai amsa ba tari ba shaƙewa. Bayan 'yan tashi ciro fulogi. Ruwan ƙasa kamar shayi da madara shi ne daidai, baƙi mai ya yi yawa, fari kuwa hatsari ne.

Wani daɗin wannan hanya, masu gyaranta na nan. Lokacin da injina ya fara mutuwa in na ba shi wuta, na kai kafireton wajen wani dattijo mai gyaran janareta a unguwarmu. Ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Yallaɓai, ai wannan na injin yankan itace ne." Ya kwance murfin gefe ɗaya, ya nuna mini wata 'yar raga da ba ta kai ƙwayar wake ba, ta toshe da laka ja. Ya wanke ta da fetur, ya hura, ya mayar. Kafireton irin na kamfanin Walbro ne, kuma fatunsa da ragarsa ana samu wajen masu kayan injin feshi da na yankan itace. Tun ranar nake tace fetur sau biyu, ɗaya wajen zubawa a galan, ɗaya a tiyon da ke shiga tanki.

Mai tsohon injin garwashi da ke son mayar da shi na tartsatsi

Ana yi. Akwai fulogin tartsatsi ƙarami, ME-8, mai zare iri ɗaya da ramin na garwashi. Za ka huda cibiyar farfela ka dasa maganaɗisu, ka kafa na'urar ji. Nemo inda fistin ya ƙure sama ka yi alama, sannan ka koma baya digiri 28. In faɗin cibiyar milimita 30 ne, kewayenta 94 ke nan, digiri 28 kuma milimita 7 da ɗan ɗori. A daidai nan tartsatsi zai fita.

In metanol za ka ci gaba da ba shi, ka samu silo mai kyau da ɗan sauƙin ci, amma matsalar nemo mai tana nan. In kuma fetur za ka ba shi, ka sani an gina shi ne don man da kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa shafawa ce. Hannun fistinsa a kan tagulla yake juyawa, ba boris, sai ka ba shi 2T mai yawa, aƙalla 20 bisa 1. Allurarsa ta yi wa fetur gwaɓi, ƙas ɗaya sai ya kai ka daga shaƙewa zuwa ƙishirwa. Ga zafi, domin metanol na sanyaya inji, fetur ba ya yi kamarsa. Ga mai son wasa da ƙarfe abin sha'awa ne. Wanda ke son ya tashi jirgi ran Asabar ya sayi wanda aka ƙera don fetur.

Zafinmu, ƙurarmu, da filin tashi

A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin fetur da aka rufe cikin hancin jirgi shi ya fi shan wuya. Ƙofar fitar iska ta ninka ta shiga sau biyu ko uku, kuma ka tashi da sassafe ko bayan la'asar. Na garwashi a irin wannan rana yakan so fulogi mai ɗan sanyi. Batir da galan ɗin mai kada su zauna cikin mota a rufe.

Hunturu kuma ƙura. Waɗannan injina yawanci ba su da matatar iska, kuma ƙananan na garwashi da yawa ba su da ringi, matsewar fistin da silinda ce kaɗai ƙarfinsu. Ƙura na cinye wannan matsewa kamar sanfefa. Shimfiɗa tabarma ko buhu a ƙarƙashin farfela lokacin saiti, ka toshe bakin kafireto da na salansa da tsumma in jirgi na ajiye. Injin garwashi yana fesar da mafi yawan man zurmarsa ta salansa, sai ka ga jirgi ya sauko gefensa ɗaya ya yi kamar ƙosan da ya faɗi a rairayi. Ka tafi da tsumma da ruwan sabulu. Na fetur ɗan baƙin ɗigo kawai yake bari, amma warinsa ba ya barin a ajiye shi a ɗakin kwana, uwargida ba za ta yarda ba.

Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa jirgi marar matuƙi ba ya tashi a sararin Najeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, saboda haka ka nemi bayani a can kafin ka fita. Ka yi nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano da duk wani bariki. Gonakin bayan gari bayan an kawar da amfani su ne filinmu, kuma ka fara gaida mai gonar da mai unguwa. Inji mai cc 20 ana jinsa daga nesa, kafin ka gama zuba mai yara sun kewaye ka. Ja layi a ƙasa bayan jelar jirgin, ka samu babba ɗaya cikinsu ka naɗa shi sarkin layi. Sannan ka sa rimot a yanayin gwajin nisa, ka yi taku talatin baya da inji a kashe, ka motsa komai, ka maimaita da inji a kunne da wuta duka. In nisan ya ragu ko wani sarbo ya yi rawa, kashe ka koma kan hular fulogi.